Sakandaren 'Yan Mata ta St. Louis a Kano: Kafuwarta da Rayuwar Ibada a Cikinta

Ƙasar Haɗeja, da fadamunta da suka bi gaɓar kogi har kusa da Nguru, tana cikin yankin da Cocin Katolika yake kira Dayosis na Kano, wato gundumar da bishop guda yake kula da al'amuranta, wadda ta haɗa jihohin Kano da Jigawa baki ɗaya. Saboda haka duk mai bin sawun ilimin sakandare na Katolika da ya shafi wannan yanki dole ne ya fuskanci birnin Kano, inda cibiyar cocin take tun zamanin Turawa, a can ɗin kuwa babu makarantar mishan da sunanta ya shiga bakin jama'a kamar Sakandaren 'Yan Mata ta St. Louis da ke Bompai. Abin da ya sa tarihinta ya cancanci nazari shi ne an kafa ta a wurin da tun farko aka hana masu mishan neman mabiya a cikin mutanen gari, kuma wannan hani, wanda ake zaton zai tauye ta, shi ne ya tsara irin ibadar da ta ginu a kai, ya kuma koya mata yadda za ta riƙe addininta cikakke alhali 'ya'yan Musulmi suna zaune a azuzuwanta.

Tushen hanin yana komawa ga shekarar 1903, lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, sannan suka ci Sakkwato a watan Maris, inda shugaban Turawan, Lugga, ya yi alkawarin cewa sabuwar gwamnati ba za ta sa hannu a addinin jama'a ba. Haɗeja ba ta sunkuya da wuri ba, sai da aka gwabza a watan Afrilu na 1906, aka kashe Sarki Muhammadu tare da manyan jarumansa a cikin garin, abin da ya sa har yau ake ambatonsa da Mai Shahada. Turawan mulki, waɗanda suka dogara da sarakuna wajen tara haraji da gudanar da shari'a, sun fassara alkawarin Lugga da cewa ba za a bar mai mishan ya zauna a ƙasar sarkin Musulmi ba sai da yardar sarkin da ta Razdan, yardar kuwa da wuya take samuwa. Limaman Katolika na Ƙungiyar Mishan ta Afirka, wadda aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856, sun riga sun sauka Lakwaja a 1884, amma da suka nemi wurin zama a arewacin Binuwai sai suka ƙare a Shendam a 1907, cikin mutanen da ba Musulmi ba. Ba su ne farkon limaman Katolika da suka taka ƙasar Hausa ba, domin wasu 'yan ɗariƙar Faransiskan da suka ƙetaro Sahara daga Tarabulus sun rasu a Katsina a 1711 ba tare da sun bar mabiya ba, sai dai tsakanin wancan zuwa da wannan babu wata igiya da ta haɗa su.

Jirgin ƙasa ne ya buɗe ƙofar da siyasa ta rufe. Da dogo ya iso Kano a 1911, sai akawuna da masu gyaran inji da ma'aikatan gidan waya da 'yan kasuwa daga kudu suka biyo shi, aka zaunar da su a Sabon Gari a bayan ganuwa, kuma da yake da yawansu Kiristoci ne, gwamnati ba ta da hujjar hana limamansu zuwa yi musu hidima. Haka ikilisiyar Katolika ta Kano ta soma, ikilisiyar baƙi ce wadda harshenta Turanci da Ibo da Yarabanci. A 1930 aka kammala reshen dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Ringim da Gagarawa, amma bai shiga Haɗeja ba, sai ya tsaya a Malam Madori, wadda ta zama tashar Haɗeja kuma kasuwar sayen gyaɗa. A irin waɗannan tashoshi ne 'yan Katolika ƙalilan suke taruwa ranar Lahadi a ƙarƙashin katikis, wato malamin da ba a naɗa shi limami ba amma yake koyar da rukunan addini da jan addu'a, fada kuma, wato limami, yakan zo daga Kano jifa-jifa domin ya yi sujadar Mas, ya yi wa jarirai baftisma, ya ɗaura aure. Jama'ar da ba ta wuce ma'aikatan tasha da akawunan kamfani ba, waɗanda ake yi wa canjin wurin aiki a kai a kai, ba za ta iya ɗaukar nauyin makarantar sakandare ba, don haka idan za a yi irin wannan makaranta a Lardin Kano, wanda Haɗeja take cikinsa a lokacin, to a babban birnin lardin za a yi ta.

A 1934 Fadar Fafaroma ta raba arewacin Najeriya gida biyu, Kaduna da Jos, Kano ta faɗo a ɓangaren Kaduna, wanda daga 1943 wani limami ɗan ƙasar Ailan mai suna John McCarthy ya shugabanta, shi ne kuma daga baya ya zama babban bishop na Kaduna na farko a 1959. Limamai maza suna iya buɗe makarantar maza, amma tarbiyyar 'ya'ya mata, musamman a makarantar kwana, aiki ne da cocin yake danƙa wa sistoci, wato mata masu zaman zuhudu da suka ɗauki alwashi uku na talauci da barin aure da biyayya. Ƙungiyar da ta amsa kiran Kano ita ce ta Sistocin St. Louis, wadda wani limami masanin falsafa, Louis Bautain, ya kafa a garin Juilly kusa da Faris a 1842, ta yi reshe a garin Monaghan na Ailan a 1859 a ƙarƙashin Uwa Genevieve Beale, reshen kuma ya yi ƙarfi har ya fi uwar. Koyarwa ce sana'arsu tun asali, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka fara fita waje, suka je ƙasar da yanzu ake kira Gana a 1947, suka sauka Kano a 1948, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Shekarar ta zo musu daidai, domin a cikinta ne gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar ilimi ta farko da ta game ƙasar duka, wadda ta tsara yadda za a riƙa ba makarantun ƙungiyoyin sa kai tallafin kuɗi idan suka cika sharuɗɗan gini da ƙwararrun malamai.

Akwai abin lura game da sunan da suka zo da shi. Waliyyin da ƙungiyar take ɗauke da sunansa shi ne Louis na Tara, sarkin Faransa, wanda Kiristocin Turai suke tunawa da adalci da ciyar da matalauta, amma wanda tarihin Musulmi ya sani a matsayin jagoran yaƙin 'yan Salibiyya da aka kama a Masar a 1250, ya kuma rasu a bakin Tunis a 1270 yana kan wani yaƙin. Sistocin sun ɗauki ɓangaren farko na tarihinsa suka bar na biyu, takensu ma addu'a ce ta neman haɗin kan mutane da aka ciro daga Linjilar Yohanna, Kanawa kuwa ba su taɓa ɗaukar sunan da wata ma'ana da ta wuce makarantar 'yan mata mai horo da cin jarrabawa ba.

Da firamare suka fara, kamar yadda kowace mishan take yi, domin ba a gina sakandare sai an sami yaran da za su cika ta, sannan a cikin shekarun 1950 aka ɗora sakandaren a Bompai, unguwar da ke wajen birni inda Turawa da kamfanoni suka zauna, daga baya kuma ta zama unguwar masana'antu. A wancan lokaci ilimin boko na 'ya'ya mata a Kano bai yi nisa ba, domin ko da yake an buɗe wa 'yan mata azuzuwa a Kano da Katsina tun 1930, yawancin abin da ake koyarwa bai wuce karatu da rubutu da ɗinki da tsabtar gida ba, aure kuma yakan katse karatun da wuri. Makarantar da za ta kai yarinya ga jarrabawar kammala sakandare, wadda daga baya Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta ɗauki nauyinta, abu ne mai tsada a Arewa, kuma St. Louis ta shiga sahun 'yan ƙalilan irin su Kwalejin Sarauniyar Manzanni da ke Kakuri a Kaduna. A ɓangaren maza kuma limaman suka kafa Sakandaren St. Thomas a Kano.

Rayuwar addini a makarantar kwana ta Katolika ƙararrawa ce take tafiyar da ita, kuma tsarin da sistocin suka zo da shi daga Ailan bai bambanta da na sauran makarantunsu ba. Ranar takan fara da Mas, wato babbar sujadar Katolika wadda a cikinta ake karanta nassi, limami ya keɓe gurasa da ruwan inabi, waɗanda mabiya suka gaskata sun zama jiki da jinin Almasihu, sannan waɗanda suka cancanta su karɓa. Dalilin da ya sa ake yin ta da sassafe ba son wahalar da yara ba ne, tsohuwar doka ce ta cocin da ta wajabta wa mai karɓar gurasar ya kame baki tun daga tsakar dare, dokar da aka sassauta a 1953 da 1957, har ta koma awa guda a 1964, amma al'adar sammako ta zauna bayan dalilinta ya tafi. A shekarun farko da Latin ake yin komai, limami yana fuskantar bagadi ya juya wa jama'a baya, 'yan mata kuwa suna haddace amsoshi da waƙoƙi a harshen da ba su ji, lamarin da bai kamata ya ba mutumin Kano mamaki ba, tunda shi ma da hadda yake fara karatun allo kafin ma'ana ta biyo baya. Sau uku a yini, da safe da tsakar rana da magariba, akan buga ƙararrawar Anjelus, gajeriyar addu'ar tunawa da saƙon da Mala'ika Jibrilu ya kawo wa Maryamu, kowa ya tsaya inda yake har a gama. Da yamma kuma akwai rosari, carbin Katolika mai gida biyar, kowane gida ƙwaya goma, wanda ake ja ana tuna al'amuran rayuwar Yesu da mahaifiyarsa ɗaya bayan ɗaya.

Shekara ma tana da nata tsarin, sai dai kalandar makaranta ta sa wasu bukukuwa sun fi wasu nauyi a rayuwar ɗaliba. Kirsimeti a gida ake yin ta, ranar waliyyin makarantar kuma, 25 ga Agusta, a tsarin yanzu takan faɗo cikin dogon hutu, don haka lokacin da ya fi shiga jikin 'yan makaranta shi ne azumin kwana arba'in da ke gabanin Ista, wanda yake farawa da Larabar Toka, ranar da ake shafa wa kowa toka a goshi domin tuna mutuwa da tuba. Azumin Katolika ba kame baki ne daga alfijir zuwa faɗuwar rana ba. Abin da doka ta wajabta shi ne rage abinci zuwa cikakken ci sau ɗaya a Larabar Toka da Juma'ar da ake tuna gicciye Yesu, wannan ma ga wanda ya kai shekara 18, da kuma barin nama a ranakun Juma'a na lokacin ga wanda ya kai 14, saura kuwa an bar wa mutum ya zaɓi abin da zai hana kansa. A kowace Juma'a ta wannan lokaci akan bi Hanyar Gicciye, wato zagaya tashoshi 14 da aka jera hotunansu a bangon ɗakin sujada, ana durƙusawa a kowace, kuma da yake lokacin yakan kama daga ƙarshen hunturu zuwa tsakiyar bazara, zafin Kano yana ƙara wa ibadar nauyin da ba ta da shi a Monaghan. Watannin Mayu da Oktoba na Maryamu ne, ana ƙawata siffarta da furanni ana yawaita rosari. Sau ɗaya a shekara kuma irin waɗannan makarantu sukan ajiye darasi na 'yan kwanaki domin keɓewa, a gayyato limami daga waje ya yi wa'azi, a rage surutu, ɗalibai su je su furta zunubansu a asirce a gabansa domin neman gafara.

Wanda ya tsaya ga waɗannan ibadu kaɗai zai ɗauka ɗaliba mai bi ce kawai, alhali babban abin da makarantar ta koyar ya fi fitowa a ƙungiyoyin da 'yan matan suke gudanarwa da kansu. Rundunar Maryamu, wadda Frank Duff ya kafa a Dublin a 1921, ta kuma iso Najeriya a cikin shekarun 1930, tana da tsari mai tsauri: ƙaramin rukuni ne da yake zama kowane mako, da shugaba da magatakarda da ma'aji, a ba kowace mamba aiki, kamar duba marasa lafiya ko koya wa ƙanana katikisim, mako na gaba kuma ta tashi ta ba da rahoton abin da ta yi a gaban 'yan uwanta. Ƙungiyar Matasan Ɗalibai 'Yan Katolika kuwa ta gaji hanyar wani limamin Beljiyam, Joseph Cardijn, mai matakai uku, a duba halin da ake ciki, a auna shi da koyarwar addini, sannan a aikata wani abu a kai. Ga kuma ƙungiyar mawaƙa, da masu karanta nassi a gaban jama'a, da masu share ɗakin sujada da shirya bagadi. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta saba rubuta bayanin taro, da riƙe kuɗin ƙungiya, da tsayawa ta yi magana a gaban ɗaruruwa, ta sami horon da babu shi a manhaja, kuma mai yiwuwa wannan ne ya fi sakamakon jarrabawa bayyana dalilin da ya sa tsofaffin ɗaliban irin waɗannan makarantu suka yi yawa a aikin koyarwa da asibiti da shari'a da ofisoshin gwamnati.

Tambayar da ta fi kowace wuya ita ce matsayin 'yar Musulmi a cikin wannan tsari, domin tun ba a je ko'ina ba ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa da manyan gidajen Kano suka fara kai 'ya'yansu, suna neman Turanci mai kyau da tsaron tarbiyya a hannun matan da ba su da wani aiki sai wannan. Iyayen sun yi haka ne bisa fahimtar cewa ba za a taɓa addinin yaran ba, sistocin kuma sun san cewa ranar da aka ce an juya 'yar wani, ranar makarantar za ta rasa gindin zama a Kano. Abin da ya fara a matsayin yarjejeniyar da ba a rubuta ba ya sami ƙarfin doka bayan Hukumar Willink, wadda ta binciki koke-koken ƙananan ƙabilu, ta ba da shawara a 1958 cewa a sa haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki. Daga nan ne aka sami ƙa'idar da har yau take cikin sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, cewa ba za a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addini ko halartar ibadar da ba ta addininsa ba, ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Manhajar ƙasa ma ta raba darasin addini gida biyu, na Kirista da na Musulunci, kowanne da takardarsa a jarrabawar ƙarshe. Daga ɓangaren cocin kuma sauyi ya zo da babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Batikan daga 1962 zuwa 1965, wanda ya fitar da sanarwa cewa cocin yana duban Musulmi da girmamawa a matsayin masu bauta wa Allah ɗaya, masu girmama Yesu da Maryamu, masu salla da sadaka da azumi, ya kuma nemi a bar gabar da ta wuce. Sanarwar ba ta kawar da saɓanin aƙida ba, ba ta kuma yi da'awar haka ba, amma ta ba malamar da take koyar da 'ya'yan Musulmi hujjar addini ta ɗaukar aikinta a matsayin ibada cikakkiya ko da babu wanda ya tuba a hannunta. A aikace zaman tare yakan koma kan ƙananan abubuwa, kamar wurin alwala, da lokacin salla a tsakanin darussa, da sahur da buɗa-baki daga kicin ɗin makaranta, musamman a shekara irin 2025 da watan Ramadan ya kama kwanaki kaɗan kafin Larabar Toka, azumin biyu suka tafi tare.

Taron na Batikan shi ne kuma ya ba da izinin yin Mas da harsunan jama'a, limami ya juyo ya fuskanci mutane, sannu a hankali ganga da tulu da caki suka shiga ɗakin sujada. Sai dai kafin wannan sauyi ya zauna, guguwar 1966 ta taso, aka kashe dubban mutanen Gabas a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka koma gida, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Da yake Ibo su ne ƙashin bayan ikilisiyoyin da ke bakin dogo, majami'u da azuzuwa sun wayi gari kusan babu kowa, daga Sabon Garin Kano har ƙananan tashoshi irin Malam Madori. Wannan rashi ya tilasta wa cocin abin da ya daɗe yana jinkirtawa, wato ya dogara da 'yan Arewa, mutanen kudancin Zariya da Filato da Binuwai da ke aiki a Kano, da kuma Maguzawa, Hausawan karkara da ba su karɓi Musulunci ba. Bayan yaƙin kuma gwamnatocin soja suka shiga karɓe makarantun mishan, aka fara da Jihar Gabas ta Tsakiya a 1970, Jihar Arewa ta Tsakiya ta bi sahu, inda Kwalejin St. John ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, ta Kakuri ta koma Kwalejin Sarauniya Amina, St. Paul ta Angilikan a Zariya ta koma Kufena. A Kano, wadda ta zama jiha a 1967 a ƙarƙashin Audu Baƙo, St. Louis da St. Thomas sun tsira da sunayensu, St. Louis kuma ba ta rabu da sistocinta ba, ko da yake sannu a hankali fararen da suka tsufa suka koma gida, 'yan Najeriya da suka shiga ƙungiyar suka karɓi ragama.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa makarantu ma fagen rikicin addini ne. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi, wadda aka kafa a Legas a 1954, da Zumuntar Ɗalibai Kirista, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, sun yi ƙarfi a sakandare da kwalejojin Arewa, kuma rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, wanda ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, a Kwalejin Ilimi ya faro tsakanin ɗalibai a kan wa'azi. Kano ta ga tarzomar Maitatsine a ƙarshen 1980, da ta Oktoban 1991 a kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, da zaman ɗar-ɗar na shekarar 2000 lokacin da Kano da Jigawa suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci, sannan hare-haren Boko Haram na 20 ga Janairu 2012, waɗanda suka haɗa da hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai ɗin kanta, da bam ɗin da aka jefa a Cocin St. Charles na Sabon Gari a watan Yuli 2014. Sace 'yan matan Chibok a 2014 da na Dapchi a 2018 ya sa iyaye a ko'ina suka fara tunani biyu kafin su kai 'ya mace makarantar kwana. A cikin irin wannan yanayi tsohon tsarin sistocin ya yi amfanin da ba a yi hasashensa ba, domin ibadar Katolika ta makaranta tana da lokaci da wuri da mai ja da aka sani, ba ta dogara da wa'azin gayya ko muhawara da wani addini ba, don haka ƙofar da fitina takan shigo ta cikinta a wasu makarantu a nan ƙunƙuntacciya ce.

Ta fuskar mulki kuwa, shekarar 1991 ta zo da sauyi biyu: an cire Kano daga Kaduna ta zama mishan mai cin gashin kanta, an kuma ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, Haɗeja ta bar Kano a siyasa amma ta zauna tare da ita a lissafin coci. An ɗaga matsayin mishan ɗin a 1995, ta zama cikakken dayosis a 1999 a ƙarƙashin Bishop Patrick Sheehan, ɗan Ailan daga ɗariƙar Agustin wanda ya riƙe Yola a baya, sannan John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008, kujerarsa tana Cocin Uwargidanmu ta Fatima a Kano. Mabiyan da dayosis ɗin yake kula da su yanzu kashi biyu ne da ba su yi kama da juna ba. Akwai jama'ar birni, 'yan kasuwa da ma'aikata masu sujada da Turanci, waɗanda suke iya biyan kuɗin makarantar kwana, akwai kuma manoman ƙauyuka masu sujada da Hausa, waɗanda Zumuntar Mata Katolika da katikis suke riƙe da majami'unsu. Naɗin Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, a matsayin bishop na farko na sabon Dayosis na Katsina a 2023 ya nuna cewa wannan kashi na biyu ya kai ga fitar da shugabanni. Amma sakandare irin St. Louis, wadda harshen karatunta da na yawancin ibadarta Turanci ne, wadda kuma take gogayya da ɗimbin makarantun kuɗi da na Islamiyya na zamani da suka cika Kano tun daga shekarun 1990, tana gudana ne da kuɗin da iyaye suke biya, kuma 'yar manomin shinkafa ko masuncin fadamar Haɗeja, Musulma ce ko Kirista, ba ta isa ƙofarta sai idan wani ya ɗauki nauyinta.